Durƙuson Haladu Mai Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Kankia ya san Haladu. In bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don ita ya fi nuna wa jama'a. Kullum a sunkuye yake, ko a kan kwamfuta ko a gaban wani babba. Shekara tara ke nan ina zaune da tiren ƙuli-ƙulina da kwalaben man gyaɗa a jikin bangon shagonsa, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba, gani na yi.

Ɗan Sukuntuni ne. Na san uwarsa, Allah ya jiƙanta, mace mai faɗa kamar ni, ban san inda ta samo ɗa mai sanyi haka ba. Yana shekara bakwai ya kwance rediyon ubansa don ya ga mutumin da ke magana a ciki. Bai ga kowa ba, kuma ya kasa mayar da ita yadda take. Wani yaron gudu zai yi gidan kakarsa. Haladu kuwa sai ya je ya karyo tsumagiya da kansa, ya durƙusa a bakin zaure yana jiran uban ya dawo daga gona. Uban ya ce bai taɓa yin dukan da bai yi mashi daɗi ba irin na ran nan.

Daga nan bai sake rabuwa da kayan wuta ba. Ya yi gyaran rediyo, ya yi gyaran agogo, da wayoyi suka zo ya buɗe wurin caji, daga baya ya sayi kwamfuta. Yanzu duk mai neman makaranta ko aiki ko takin gwamnati, wurinsa yake kawo takardu, ya ɗauki hotonsu ya tura inda aka ce a tura. Ya iya aikinsa, ba zan rage mashi ba. Ciwonsa ɗaya ne, ladabi. Na ga ranar da wani ɗan acaɓa ya buge shi a bakin titi. Haladu ya tashi yana ɗingishi, ya je ya kakkaɓe wa mutumin riga yana cewa, "Sannu, ba ka dai ji ciwo ba?"

Matarsa Hawwa'u ɗiyar Fulani ce, daga wata ruga bayan Bauranya, can ƙasar Kusada. Tana kawo nono tasha. Shekara uku Haladu yana sayen fura da nono a wurinta kullum, alhali nono ɓata mashi ciki yake, ni shaida ce, don ta gabana yake wucewa da buta. Da ƙyar muka sa ya buɗe baki. Dangin yarinyar suka yi ta gunaguni wai kaɗo ne, ba ya da ko ɗan maraƙi. Ubanta, Bubayero, ya ce shi ya ga yadda yaron ke gaisuwa, ya ba shi. Tun daga ran nan, a wurin Haladu, in ka cire iyayensa babu kamar wannan tsoho. Ba ya faɗin sunansa, sai dai Baffa. Ko wani Bubayeron daban ya kawo takarda, Haladu ba ya iya karanta sunan a fili.

To bara da damina sai ya ga ya kamata ya girmama surukinsa. Ya sayo mashi 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, ya kai mashi har ruga. Tsoho bai san baƙi ko ɗaya ba, kamar ni, don haka Haladu ya koya mashi abu guda: ya danna koren maɓalli sau biyu, wayar za ta kira wanda aka yi magana da shi na ƙarshe. Da yake ba wanda ke da lambar tsohon sai Haladu, na ƙarshen kullum shi ne.

Bai tsaya nan ba. Haladu yana da waya biyu. Akwai tsohuwa, wadda duk gari ke kira. Akwai kuma sabuwa babba mai sabon layi, wadda ita ke ba kwamfutarsa sabis, don layinta ne kaɗai ke da ƙarfi a tasha. Sai ya yi tunani, ina amfanin Baffa ya kira ya tarar ana magana da wani ɗan neman taki? Sai ya haɗa tsohon da sabon layin, wanda ba mai kira. Ya zo yana ba ni labari yana murna. Na ce Allah ya yi albarka, don a lokacin ni ma ban ga komai a ciki ba.

Ba a daɗe ba sabis ɗin shagon ya kamu da ciwo. Ƙaramar takarda takan wuce. Amma abu mai nauyi, irin hotuna da yawa ko bidiyo, sai ya kama hanya, ya yi nisa, ya mutu. In ya mutu kuma ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai an koma farko.

Babu abin da Haladu bai zarga ba. Ya ce hadari ne, damina ta wuce ciwo bai wuce ba. Ya ce rufin kwano ne ke tare sabis, ya samo doguwar gora ya kafa a ƙofar shago, ya sa wayar a ɗan kwando, ya riƙa jan ta sama da igiya kamar guga. Mutanen tasha suka samu abin kallo. Da ya gaji da saukewa da ɗagawa duk sanda ta yi ƙara, sai ya sayo ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne, yana amsa kira wayar tana can sama. Ya wanke cikin kwamfutar kaf ya sake zuba mata komai. Har wani injiniya ya ɗauko daga Katsina, Kabir, mai ɗamammen wando. Kabir ya zauna awa biyu yana tura manyan abubuwa, duk suna wucewa sumul. Ya cinye mani ƙuli-ƙuli rabin tire, ya ce lafiyar komai lau, ya hau mota. Sai daga baya muka gano ran nan ana yi wa shanu allura a Kusada, hannun Bubayero bai samu sararin taɓa waya ba.

Masu manyan ayyuka suka fara janyewa. Haladu ya rame, abin da ma ba jiki ba.

Ana nan sai magana ta zo kaina. Mu ashirin da uku ne masu ƙuli-ƙuli, wasu a Kankia, yawanci a Kunduru inda gyaɗar take, ni ce shugaba don ba wadda ta iya ja da ni. Wata ƙungiya a Katsina ta ce za ta ba mata masu ƙuli-ƙuli injin matsar mai, guda ɗaya a yankinmu. Wanda bai taɓa matsar tunkuza ba ba zai gane ba. Shekara arba'in ina murza ta da hannu a turmi, yau kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa ta wuce kunne, ɗankwali ma da hagu nake ɗaurawa. Sharaɗinsu shi ne a tura bidiyon matan suna aiki, kowace ta faɗi sunanta da bakinta, ya isa kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Ba su karɓar komai hannu da hannu, wai don kada a ce an yi son kai.

Haladu ya bi mu Kunduru ya ɗauka a gidan Saudatu, mataimakiyata. An ce kowace ta faɗi sunanta kawai. Saudatu ta faɗi sunanta, da na ubanta, da yadda gwiwarta ta fara ciwo shekarar da aka yi fara. Sauran suka ga ai ba za a bar su a baya ba. Na ce wa Haladu ya yanke surutun, ya ce, "Inna, ya zan katse babba tana magana?" Haka bidiyo ya fito da nauyi kamar buhun gyaɗa. Ya ce in sabis ya tsaya, minti arba'in zai kai shi.

Talata ya gwada, ya mutu sau biyar. Laraba tun hantsi har la'asar, bai je ba. Ɗayan mai kwamfutan da ke garin ya tafi ta'aziyya Ingawa ya kulle shago. Ranar Alhamis na ɗauki tirena na shiga cikin shagon na zauna a kan benci, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, zafi zai dame ki a nan."

"Zafin da ke raina ya fi shi. Nuna mani inda abin yake tafiya."

Ya nuna mani wani koren zare a jikin gilashin, yana tsawo a hankali daga hagu zuwa dama. Ya ce in ya taɓa bango ya isa, ɗari ke nan. Ni ban san lamba ba, amma na san kallon abu. Mai suyar ƙuli-ƙuli in ta ɗauke ido ta yi asarar kasko guda. Na kafa wa zaren ido.

Ya kai wajen rabi. Sai na ga Haladu ya zabura kamar kunama ta harbe shi, ya tuɓe takalma, ya juya wa kwamfuta baya, ya durƙusa yana fuskantar bango, hannu ɗaya a kan abin kunnensa.

"Allah ya ja da ran Baffa. Lafiya lau, Baffa. Ya gida? Ya Goggo? Ya shanu? To madalla. Ya Fure, ta sauka? Au, ta dai kwanta. To Allah ya raba lafiya. Amin, Baffa. Amin. Amin."

Fure saniyar tsohon ce da ya fi so, tana kan gwiwa a makon nan. Ni dai idona na kan zare. Tun Haladu bai gama tuɓe takalmin hagu ba zaren ya tsaya cik. Kafin a kai ga gaida Goggo ya koma ja. Shi kuwa sai da ya gama amin ɗinsa, ya miƙe, ya sa takalma, ya juyo, sannan ya riƙe kai.

"Kin gani ko, Inna? Haka yake yi. Ba dalili."

Na ce ya sake. Zaren ya kama hanya, bai kai inda ya kai ɗazu ba Haladu ya sake zubewa. Wannan karon Fure ta tashi tsaye ne, Baffa ya ga ya kamata a sani. Zare ya mutu.

Da farko na zaci durƙuson ne, ko yana taka wata igiyar wuta in ya sunkuya. Da ya sake tayar da zaren sai na ce, "Durƙusa."

"Na'am, Inna?"

"Durƙusa na ce, inda ka saba."

Abin da ya fi iyawa ke nan, bai tambayi dalili ba. Zare ya ci gaba da tafiyarsa. Na ce ya tuɓe takalma. Ya tuɓe. Zare bai kula ba. Na ce ya juya baya ya yi ta cewa amin. Wani mai neman caji ya leƙo, ya gan mu, ya koma da baya. Zare lafiya lau. Yana nan durƙushe sai kiran gaske ya shigo, zare ya faɗi a gaban idona.

Da ya gama na ce, "Ɗan nan, zo ka zauna. Sau nawa surukinka ke kiranka a yini?"

"Ba ya wuce goma, sha ɗaya. Wannan makon ne dai saboda Fure."

"A wace waya?"

Ya nuna saman gora.

"Wace waya ke ba kwamfuta sabis?"

Hannunsa na nan a sama bai sauke ba. Can ya ce, da 'yar murya, "Kabir ya taɓa faɗa mani. Ya ce a irin wurin nan, in kira ya shigo, waya takan saki data ta kama kiran. Ya tambaye ni ko ana kirana a layin, na ce a'a."

"Ka ce a'a."

"Ai na ɗauka kiran mutane yake nufi."

"Shi Baffan naka aljani ne?"

"Baffa ai Baffa ne, Inna."

Na dube shi. Wata goma sha huɗu mutum yana zargin hadari da kwano da kamfani, ya kafa gora, ya ɗauko injiniya, alhali duk sanda abin zai mutu shi ya juya mashi baya yana gaida shanu.

An riga an yi azahar, rana ta karkata. Ya duba ya ce uku saura kwata. Gwaji ɗaya ya rage mana, in an taki sa'a, biyu.

Na ce, "Kada ka amsa." Ya ce ko bai amsa ba, ƙarar kaɗai ta isa ta kashe shi. Na ce to ya toshe kiran. Ya dafe ƙirji. Ya tuna mani ranar da cajin wayar ya ƙare, tsoho ya kira ya ji a kashe, ya tako da sandarsa tun daga Bauranya don ya tabbata rasuwa aka yi. Na ce to ya kira shi ya ce ya dakata na awa ɗaya.

"In ce wa Baffa kada ya kira ni? Inna, gara in rufe shagon."

Kuma da gaske yake, na san shi. Sai na ciro wayata daga bakin zane.

"Sa mani lambarsa a nan."

"Me za ki ce mashi?"

"Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, da tsagenta har wuya. Tsakanina da Bafillace ba kunya, ba hukunci. Wanda ke kan waya da ni ba ya da bakin kiran wani. Sa lamba, ka tayar da zare."

Ya so ya ba ni tsohuwar wayarsa don kada katina ya ƙare, sai ya tuna zagi zai fita da lambarsa, ya mayar da ita aljihu da sauri. Ya danna mani lambar a tawa.

"Salamu alaikum. Wa ke nan?" in ji wata siririyar murya, iska na kaɗawa a bayanta.

"Uwargijiyarka ce, Iyatu jikar Barebari. An ce mani har an fara ba bayinmu waya, na ce bari in ji ko ka iya riƙe ta daidai ko ta ƙasa ka kara a kunne."

Sai na ji dariya, irin ta wanda ya daɗe bai samu abokin yi ba.

"Kai! Yau na ga ta kaina. Baiwata ce ta samu kati? Wa ya karce maki fuska, kaza ko uwarki?"

Shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Na ce mashi sandarsa ta fi shi ƙiba. Ya ce Barebari ba su san wanka ba sai turare. Na ce nonon rugarsu in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka, don rabinsa rijiya ce. Ya ce ƙuli-ƙulina ne ya ƙarar da haƙoran mutanen Kankia. Wannan ta shige ni, amma na daure. Haladu na tsugune a lungu, ya toshe kunnuwa da yatsu, yana leƙen zare ta gefen ido yana faɗa mani da leɓe: talatin. Hamsin. Saba'in.

Muna cikin tamanin da wani abu sai matar nan ta cikin waya ta sa baki, wai saura minti ɗaya katina ya ƙare. In layi ya yanke, tsoho zai nemi wanda zai ba labarin abin da ya same shi, kuma mutum ɗaya ya sani a duniya. Sai na tuna koren maɓalli. Na tattara abin da ya rage mani na ce:

"Bubayero, kafin in tafi. Kakana ya bar wasiyya, shanun da ya ba kakanka kiwo lokaci ya yi da za a dawo da su. Fure ma tamu ce. In ta haihu ka aiko mani da maraƙin."

Ƙit, layi ya yanke.

Haladu ya ɗaga kai yana kallon kwandon da ke saman gora, ni ina kallon zare. Ya riga ya fara zare ƙafa daga takalmi.

Sai waya ta yi ƙara, a tafin hannuna.

"Ke! Fure taku ce? Ta gidan uban wa?"

Ban san ko ni ya nufa ba, ko surukinsa ya nema don ya kai ƙarata wayar ta kawo shi wurina. Ban tambaya ba. Na gyara zama na ce ya kawo shaida. Yana cikin jero mani kakannin Fure, uwa da uwar uwa, har ta bakwai, zaren ya taɓa bango. Haladu ya ce saura minti goma sha biyu huɗu ta cika. Sai da na bar tsohon ya kai ta tara, don ba kyau a katse babba yana magana.

Injin ya iso bayan an cire gyaɗa. Yana gidan Saudatu a Kunduru, ita kuwa ta samu sabon labarin da za ta ɗora a kan na gwiwa. Fure ta haifi mace. Sabis ɗin Haladu ya warke sarai, masu manyan ayyuka sun dawo, gorar ma an sauke ta, mai shayi ya karɓa ya yi rumfa.

Wayar Bubayero kuwa har yau ni take kira, sau goma, sau sha ɗaya. Ya ce wa ɗiyarsa wayar ta canza makiyaya, kuma bai ga laifinta ba. Haladu ya san kira ɗaya daga gare shi zai mayar da ita inda take, saboda haka bai taɓa kuskurewa ba. Duk Juma'a bayan masallaci yake hawa mashin ya tafi Bauranya ya yi gaisuwar mako a dunƙule, ya sa wa tsohon kati da hannunsa, wanda duk a kaina yake ƙarewa.

Abu ɗaya ne ban iya raba shi da shi ba. Ya gane lokutan kiran. Da wayata ta yi ƙara a bakin zane, sai ka ga Haladu ya fito daga shago a guje, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a gefen tirena, ya toshe kunnuwansa biyu. Haka zai zauna har ni da surukinsa mu gama, kwamfuta na can ciki tana aikinta.